Bashin gina gida a Damagaram: wace hanya ta fi idan ɗaya na da albashi, ɗaya kuma sai yadda kasuwa ta yi?

Gidaje da yawa a Damagaram haka suke tafiya: mutum ɗaya yana da albashin da ke sauka banki ƙarshen wata, malamin makaranta ne, ko ungozoma, ko ma'aikacin matatar SORAZ, ɗayan kuma samunsa na kasuwa ne. Ko mai gida yana saro kaya daga Kano yana sayarwa a Kasuwar Dole, ko uwargida tana ɗinki, aiki ya yi mata yawa daga azumi zuwa Babbar Sallah, sannan keke ya yi sanyi. In aka tara samun shekara, sau da yawa na ɗan kasuwar ya zarce na mai albashin. Amma ranar da aka shiga banki neman bashin gina gida, da mai albashin ake magana.

Dalilin a fili yake. Banki wata-wata yake karɓar kuɗinsa, kuma yana son ya cire su da hannunsa kafin su iso hannunku. Shi ya sa sharaɗinsa na farko shi ne albashi ya riƙa sauka a wurinsa, da alkawarin ba za a ɗauke shi zuwa wani banki ba sai an gama biya. Ribar wake ko ta ragunan layya ba ta da ranar sauka.

Ra'ayina tun daga nan: biyan wata ya tsaya kan albashin kaɗai. Kuɗin da ke zuwa yau ya ƙi zuwa gobe suna da wurinsu, a sayen fili, da siminti, da rage bashi in an samu sarari, amma kada a ɗaura musu igiyar ƙarshen wata. Da wannan ma'aunin zan bi hanyoyin.

Abin da za ku auna

Na farko, tsada. Kada ku tsaya kan kuɗin ruwan da aka faɗa muku da baki. Ku tambayi jimillar abin da bashin zai ci a shekara, wanda takardun banki ke kira TEG, har da kuɗin buɗe takardu da inshorar rai. Ku tambayi kuɗin notar, wato jami'in da ke rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita a doka, da na rajistar jingina daban. Dokar da ta fara aiki a 2014 a ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta sa iyaka a lokacin: kada banki ya wuce kashi 15 cikin 100 a shekara, ƙananan cibiyoyin bashi kuma kashi 24.

Na biyu, juriya: in kasuwa ta mutu wata huɗu a jere, tsarin zai ɗauka? Ba tambayar wasa ba ce a nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka da Najeriya wata da watanni, ga faɗuwar naira da ta rikita lissafin duk mai bin hanyar Magaria ko ta Matameye. Wanda ya ɗora biyan banki kan wannan fataucin ya san abin da ya gani.

Na uku, sauƙin samu, wato takardun da za a nema da tsawon zirga-zirga. Na huɗu, me za a rasa in abu ya ɓaci, kuma wa zai rasa. Na biyar, yaushe za ku bar gidan haya, domin biyan haya da biyan banki a wata guda shi ne ke karya mutane.

Kafin komai, takardar fili

Yawancin masu fili a sababbin unguwanni takardar magajin gari gare su, wadda ake kira akt da sesiyon. Wasu ma takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu. Jinginar gida ta gaskiya, a dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, kan filin da aka yi wa rajista take hawa, wato mai titir fonsiye. Akwai sauƙaƙƙen nau'insa da ake kira Sheda. In ba ku da ko ɗaya, ku sa kuɗin yin sa da lokacinsa cikin lissafi tun yanzu. Filin gādo da ba a raba ba kuwa, ku ajiye maganarsa sai an raba, banki ba ya shiga tsakanin magada.

Domin a ga bambancin hanyoyin da ido, mu ɗauki misali ɗaya. Uwargida ma'aikaciya ce mai lambar aiki, albashinta jikka 210, wato sefa dubu 210. Mai gida ɗan kasuwa ne, wani watan ya samu jikka 400, wani watan ko 50 ba ya haɗawa. Bankuna yawanci ba sa yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, ko ɗan sama da haka. Ke nan jikka 70. Kuɗin ruwan da zan yi lissafi da su na misali ne, kowane banki da nasa.

Hanya ta ɗaya: bashi da sunan mai albashi kaɗai, da jinginar gida

Ita ce banki ya fi ganewa. Takardun albashi na watannin baya, shaidar aiki, takardar fili, zanen gini da ƙiyasin magini, inshora. Bankunan kasuwanci irin su SONIBANK, BIA, Bank of Africa da Ecobank suna ba ma'aikata bashi, akwai kuma bankin gidaje na ƙasa, BHN, da ya buɗe a 2018. Wasu bankunan yankin suna samun kuɗi masu dogon zango daga asusun CRRH-UEMOA da ke Lome, wanda aka kafa a 2010 don bashin gidaje. Ku tambaya ko bankinku na da irin wannan layin, domin shi ne kan sauko da kuɗin ruwa ya kuma tsawaita shekaru.

A misalinmu, jikka 70 a wata, ruwa kashi 9, shekara 10, zai ba ku wajen miliyan 5 da rabi, ku biya miliyan 8 da jikka 400. In aka ja zuwa shekara 15, bashin ya kai kusan miliyan 6 da jikka 900, biya kuma ya haura miliyan 12 da rabi. Ku duba da kyau: ƙarin shekara 5 ya ƙara muku ƙasa da miliyan ɗaya da rabi a hannu, ya ƙara fiye da miliyan 4 a biya. Banki kuma zai so a gama kafin ritaya, saboda haka wanda ya manyanta a aiki ba shi da wannan zaɓin ma.

Wajen juriya babu kamarta. Kasuwa ta yi, ba ta yi ba, jikka 70 ce, kuma ta fita tun kafin ku gan ta. Illarta kuɗin ba su da yawa, miliyan 5 da rabi ba za su kammala gida ba in har sai an sayi fili a ciki. Nan ne samun ɗan kasuwa ke shigowa: shi ya sayi fili, shi ya ɗauki cefane a watannin da albashi ya ragu, shi ya tara kafin alƙalamin da banki kan nema.

Amma akwai maganar da ma'aurata ke jin nauyinta, kuma ita ce ta fi kowace haɗari. Sunan wa ke kan takarda? A Musulunci da al'adarmu, dukiyar miji daban, ta mata daban. In uwargida ta yi shekara 10 ana yankar albashinta alhali fili da sunan mai gida yake, ranar da ya rasu gidan gādo ne, rabonta tumuni, ɗaya cikin takwas in akwai ƴaƴa, kuma in da abokiyar zama tumunin nan za su raba. In saki ne, sai abin da ta iya kawo wa shaida. Haka shi ma, in ya zuba miliyoyin kasuwarsa a ginin da ke kan filinta ba rubutu. Ba rashin yarda ba ne a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Ku je wurin notar, ko dai a sa sunayenku biyu a takardar da kason kowa, ko a rubuta abin da kowa ya zuba, da shaidu daga dangin kowane ɓangare.

Hanya ta biyu: ku biyun ku sa hannu

Wannan ce ke jan hankali, domin tana ƙara kuɗin da za a samu. Iri biyu ce. Ko ku zama masu bashi tare, ko ɗaya ya ci ɗaya ya tsaya masa.

Ga yadda takan kasance a gaban tebur. Mai gida ya buɗe littafinsa na shago, mai bangon kwali, shafi-shafi: wane ya ɗauki atamfa turmi goma, wane ya kawo rabi, ga lambar waya a gefe. Ma'aikacin banki ya duba cikin ladabi ya ce, "Alhaji, ban ƙaryata ka ba, amma wannan ba zan iya kai shi sama ba. Kuɗin nan ta wane asusu suka bi?" Alhaji ya ce, "Ai hannu da hannu muke yi, sauran kuma ta Nita." Ma'aikacin ya juya wajen matar: "Hajiya, takardun albashinki fa?" An koma hanya ta ɗaya ke nan.

Abin da banki ke iya karantawa shi ne kuɗin da suka shiga asusu suka fita, wata bayan wata, na shekara guda ko fiye, tare da rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF da rasit na patanti. Wanda ke son a lissafa da shi sai ya fara tun bana don baɗi. Buɗe asusu, zuba kuɗi a bankinka da karɓar takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata suna cikin ayyukan da babban bankin BCEAO ya ce a yi kyauta tun Oktoban 2014. Ko da an yi duk wannan, banki ba zai ɗauki watan da ya fi kyau ba, zai yi matsakaici ya kuma rage. Sannan zai leƙa tarihinku duka biyu a ofishin tattara bayanan bashi. Tsohon rancen da mai gida ya yi jinkirin biya a wata ƙaramar cibiya yana iya ɓata takardun da da sunan matar kaɗai za su wuce lafiya.

A ce an yarda, biyan wata ya tashi zuwa jikka 110. Shekara 10, ruwa kashi 9, za ku samu wajen miliyan 8 da jikka 700, ku biya miliyan 13 da jikka 200. Gida zai tashi da wuri, haya ta ƙare. To amma daga ina banki zai cire jikka 110 ɗin? Daga asusun da ya tabbata kuɗi na shiga. A watan da shago bai kawo komai ba, fiye da rabin albashi ya tafi, gida ya rage da jikka 100 na abinci, wuta, ruwa da makaranta. Wata ɗaya ana daurewa. Wata huɗu, sai an fara sayar da jari, jarin kuwa shi ne abin da zai biya na gaba.

Tsayawa wani ma ba ƙaramin abu ba ne. A dokar OHADA ta jingina, wadda aka sabunta a 2010, mai tsayawa yakan rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da haruffa da lambobi. In bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da yake shiga. Kuma in ba a rubuta akasin haka ba, doka na ɗaukarsa daidai da mai bashin, ana iya binsa kuɗin gaba ɗaya. Wanda aka ce masa "sa hannu kawai, cika takarda ce" ya nemi a karanta masa da Hausa. Rabuwar aure ba ta goge wannan sa hannun.

In biya ya tsaya cak, banki ba ya zuwa ya canza kwaɗo da kansa. Gidan da mutum ke zaune ciki sai an bi ta kotu an yi gwanjonsa. Sai dai gwanjo ba ya kawo kuɗin gida, kuma in bai cike bashin ba, saura na nan a wuyanku.

Ba na cewa kowa ya guji wannan hanyar. Ta dace da wanda samunsa ke hawa da sauka amma ba ya taɓa ƙasa, kamar mai kantin magani ko mai gidajen haya. Gwajin mai sauƙi ne: ku ɗauki watanni uku mafi muni na shekara biyun da suka wuce. In a cikinsu ma ɗan kasuwar zai iya kawo nasa kason, bismillah.

Hanya ta uku: murabaha

Da yawa ba tsada ce ke hana su barci ba, riba ce, wato kuɗin ruwa. Bankin Musulunci na Nijar, BIN, yana aiki da tsarin ciniki: banki ya sayi gidan ko kayan ginin, ya sayar muku da ribar da aka sani, ku biya kaɗan-kaɗan. Kyawunta, farashi ya tsaya tun ranar sa hannu. Kada dai ku zaci araha ce, in aka baje lissafi jimillar takan yi kusa da ta sauran bankuna. Kada kuma ku zaci za a sassauta wa marar albashi, takardu da jingina duk suna nan.

Tambayoyi biyu ne a nan. In kun biya da wuri, za a rage muku? A murabaha farashin ciniki ne da aka gama, ragi sai in banki ya ga dama, wannan kuwa ya shafi gidan da ke samun kuɗi a dunƙule bayan kaka. Sannan kuɗin magini da lebura fa, tunda banki kaya yake saye ya sayar? Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa takardar yarjejeniyar kanta, ba labarinta ba.

Hanya ta huɗu: gajeren bashi kan albashi, gini zango-zango

Ita ce ma'aikata da yawa ke bi ba tare da sun kira ta bashin gida ba. A ci bashin shekara 3 ko 4 kan albashi, yawanci ba jinginar fili, a yi katanga da harsashi. A biya, a sake ci, a kai linta a rufa kwano. Tsakanin zango da zango ɗan kasuwa na zuba nasa: ciniki ya yi kyau, a sauke siminti tan biyu, a buga bulo a jera.

Jikka 70 a wata, ruwa kashi 11, shekara 4: wajen miliyan 2 da jikka 700 a hannu, biya miliyan 3 da jikka 360. Ruwan shekara ya fi na dogon bashi, amma da yake zangon gajere ne, abin da ake ƙarawa kaɗan ne, kuma ba kuɗin rajistar jingina. Mafi girman amfaninta, gidan ba ya hannun kowa. In abu ya ɓaci, gini ne zai tsaya.

Kuɗinta a wani wuri suke ɓuya. Haya na ci gaba. Farashin ƙarfe da siminti ba ya jiran kowa. Ginin da aka bari ba rufi yana shan damina, kuma ruwan 2024, wanda ya kayar da tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ya nuna abin da damina ke iya yi a garin nan. Dabarar ita ce kada a zana gidan da ya fi ƙarfin zango biyu: ɗaki biyu da falo, bayi da katanga, a tare, kuɗin haya su koma gini. Wani abin da baƙo ba zai sa a lissafi ba shi ne ruwa. Mai bugun bulo a bazara a Damagaram, lokacin da famfo ke kwana da kwanaki bai kawo ba, da kuɗi zai sayi kowace jarka. A buga bayan damina.

Adashe da ƙananan cibiyoyi

Adashe ba ya cin ruwa, kuma ya dace da ɗan kasuwa, musamman zubin mako. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maradi a 1991, sun nuna nisan da ƙaramin zubi ke kaiwa. Amma kwasa ɗaya kwano take saye ko ƙofofi, ba gida ba, kuma amanar uwar adashe ita ce duk jinginarku. Ku ɗauke shi mataimakin hanya ta ɗaya ko ta huɗu.

Rancen ƙananan cibiyoyi kuwa na jari ne mai juyawa. Miliyan ɗaya a kashi 24 na shekara guda yana neman kusan jikka 95 kowane wata. Bango ba ya kawo ciniki. A bar shi.

| Hanya | A hannu (misali) | Jimillar biya | Sauƙin samu | In kasuwa ta mutu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai albashi kaɗai, shekara 10 | miliyan 5.5 | miliyan 8.4 | sai da titir fonsiye | ba ta girgiza | sunan da ke kan takarda |
| Ku biyun, shekara 10 | miliyan 8.7 | miliyan 13.2 | mafi wuya | albashi ya ɗauki duka | gwanjon gida, bin ku biyun |
| Murabaha | gwargwadon albashi | kusa da ta banki | kamar ta ɗaya | ya danganta da wa ya sa hannu | ba tabbacin ragi |
| Gajeren bashi, shekara 4 | miliyan 2.7 kowane zango | miliyan 3.36 | mafi sauƙi | gini ya dakata | haya da tsadar kaya |
| Adashe | kwasa ɗaya | abin da aka zuba | sai amana | zubi ya gagara | rushewar adashe |

Wa ya dace da wace

In kuna da fili mai cikakkiyar takarda, mai albashin yana da lambar aiki da sauran shekaru a gaba, haya kuma tana cin ku, ku ɗauki ta ɗaya. Ku zaɓi shekaru mafi ƙaranci da za ku iya, ku sa a rubuta muku sharaɗin biya da wuri da tarar da ke kansa, domin ribar shekara mai kyau ta riƙa rage uwar kuɗi.

In takardar magajin gari kawai gare ku, ko kuna zaune a gidan gado ba haya, ta huɗu ta fi muku, kuna yin titir a hankali.

In mai albashin ɗan kwantaragi ne, wanda kuɗinsa kan yi jinkiri kuma banki ba ya ba shi dogon zango, to a gaskiya ku biyun samunku ba tsayayye ba ne. Ku tsaya kan adashe da sayen kaya da kuɗi hannu har lambar aiki ta fito.

In kuɗin ruwa ne damuwarku, murabaha, amma da ma'aunin nan dai: biyan wata kada ya wuce abin da albashi zai ɗauka.

Sa hannun mutum biyu na gidan da kasuwancinsa ke da rajista, kuɗinsa ke bi ta banki, kuma ya ajiye aƙalla biyan wata shida a gefe, a asusun da ba na shago ba. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, ko ƴaƴan wani auren, kowace hanya kuka ɗauka, ku fara da notar kafin banki.